Wasiyya: Me Ya Rage wa Mutum Ya Rubuta, Tunda Allah Ya Riga Ya Raba Gado?

A kusan kowace jana'iza a ƙasar Hausa, kafin a ta da kabbara ko bayan an dawo daga maƙabarta, wani daga cikin dangi yakan miƙe ya yi shela: duk mai bin marigayi bashi, ko wanda marigayi ke bi, ya nemi wane. Shelar tana da kyau, tana kuma da asali a addini. Sai dai tana tona abin da ba a cika lura da shi ba. Iyalin ba su san masu bin mahaifinsu ba, ba su san waɗanda yake bi ba, wanda ya sani kuwa yana cikin makara.

Mutane da yawa sun ɗauka Musulmi ba ya buƙatar wasiyya, tunda Alƙur'ani ya yanka wa kowane magaji rabonsa. An yanka ɗin kuwa, kuma da wuya ka ji 'yan uwa sun shekara a gaban alƙali kan ko matar mamaci tumuni za ta samu ko rubu'i. Malamin zaure zai warware wannan kafin shayi ya huce. Abin da ke riƙe su a kotu shi ne tambayar da ke gaban rabo: mene ne na mamacin? Gidan nan nasa ne ko na gandu? Gonar bayan gari sayar da ita ya yi ko jingina ya bayar? Shagon da ƙanensa ke ciki kyauta ce ko aro? Ayoyin gado ba su sauka don amsa waɗannan ba. Mai dukiyar ne zai amsa su, kuma sai yana da rai da hankalinsa.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Gado shi ne dukiyar da ke komawa hannun magada da zarar mutum ya cika, bisa kason da shari'a ta ƙayyade, musamman a ayoyi na 11, 12 da 176 na Suratun Nisa'i. Mamaci ba shi da ta cewa a ciki. Uban da ya rantse cewa ya cire wane daga cikin 'ya'yansa, kada a ba shi ko allura, ɓacin ransa kawai ya faɗa. Alƙali zai ba yaron rabonsa cif.

Wasiyya fuska biyu gare ta. Ta farko, mutum ya ce a ba wani, ko wani aikin alheri, wani abu daga dukiyarsa bayan ransa. Ta biyu ta fi faɗi, kuma ita aka fi sakaci da ita: bayani da umarni. Ga abin da na mallaka, ga bashin da ke kaina, ga ajiyar mutane da ke hannuna, ga wanda zai riƙe dukiyar ƙananan yarana. Wanda aka ɗora wa zartar da wannan shi ne wasiyyi.

Kyauta, wadda littattafan fiƙihu ke kira hiba, mallakarwa ce nan take, tun da rai. Waƙafi ko hubusi shi ne a tsare asalin abu, gida ko gona ko rijiya, ba sayarwa ba gado, amfaninsa yana tafiya ga waɗanda aka ambata. Wakilci kuwa izini ne na yin ciniki ko sa hannu a madadin wani, kuma yana faɗuwa da mutuwar wanda ya wakilta. Ɗan da ke riƙe da katin cirar kuɗin mahaifinsa da yardarsa, daga ranar rasuwa wannan yarda ta ƙare. Kuɗin sun zama na magada duka, har da jaririn da ke goye.

Malaman Malikiyya, mazhabar da kotunan shari'a na arewacin Najeriya ke bi, sun jera yadda ake fitar da haƙƙoƙi: a fara da abin da ke rataye da wata kadara takamaimai, kamar kayan jingina, sai kuɗin likkafani da binnewa daidai gwargwado, sai bashi, sai wasiyya daga sulusin abin da ya rage, sannan gado. A ɗauka bayan hidimar jana'iza an samu naira miliyan 12, ana bin mamacin miliyan 3. Sulusi a kan miliyan 9 za a lissafa shi, wato iyakar wasiyyarsa miliyan 3, magada su raba 6. Abincin sadakar uku da ta arba'in ba ya cikin jerin nan. Idan akwai marayu ƙanana, ciro shi daga dukiyar shiga haƙƙinsu ne.

Me ya sa ake gudun maganar

Akwai camfi, cewa rubuta wasiyya kiran mutuwa ne. Akwai kunya, wadda ta fi camfin ƙarfi: ɗa ba zai iya duban mahaifinsa ya ce "Baba, da an rubuta" ba, don gudun a ce ya ƙosa. Mata ma haka. Wadda ta ta da zancen sai kishiya ta ce da wata a ƙasa. Sannan maigida a gidan mata da yawa yakan ɓoye abin hannunsa don kada 'yan ubanci ya taso tun yana raye, yanzu kuma ga tsoron masu garkuwa da mutane ya ƙaru a kai. Wasu sukan ce, "Ni me na tara?" Wasu kuma suna ganin wasiyyar takarda abin 'yan boko ne da lauyoyinsu, wata dabara ta kauce wa shari'a.

Wannan na ƙarshe shi ya fi nisa da gaskiya. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi (SAW) ya nuna bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da tana rubuce a wurinsa ba. Mafi yawan malamai sun ɗauki wasiyyar kyautatawa a matsayin mustahabbi, Ibn Hazm ya ce wajibi ce. Inda bakinsu ya zo ɗaya shi ne wanda ke da bashi ko amanar da ba wanda ya sani: a kansa bayyanawa dole ce.

Kakanninmu sun san wannan. Mai niyyar Makka a ƙasa, ta Chadi da Sudan, tafiyar da kan ci shekaru, ba ya fita sai ya tara dangi ya faɗi abin da ke kansa. Jirgin sama ya gajarta tafiyar, al'adar ta yi rauni. Turmutsutsun Mina na 2015 da mace-macen dattawa a Kano cikin Afrilun 2020 sun nuna cewa mutum na iya tafiya ba tare da ya samu kwanciyar da zai kira kowa ba.

Bashi da amana

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take yi a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu. An kuma ruwaito cewa Annabi (SAW) ya taɓa dakatawa daga sallatar wani mamaci saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Labarin Zubairu ɗan Awwam, kamar yadda Buhari ya kawo shi, ya isa darasi ga kowane ɗan kasuwa. Ranar Yaƙin Raƙumi ya kira ɗansa Abdullahi, ya shaida masa cewa ba abin da ya fi damunsa kamar bashi, ya umarce shi ya sayar da kadarorinsa ya biya. Bashin ba na almubazzaranci ba ne. Mutane ne ke kawo masa ajiya, shi kuma ya ce a mayar da ita rance, don in ta salwanta ya zama shi ke da alhakin biya. Da aka lissafa sai aka samu miliyan biyu da dubu ɗari biyu. Bai bar tsabar kuɗi ba, sai filaye da gidaje a Madina, Basra, Kufa da Masar. Abdullahi ya sayar ya biya, amma da 'yan uwansa suka nemi a raba musu gado ya ƙi, sai da ya yi shela a taron aikin Hajji shekara huɗu a jere, ko da sauran mai bin mahaifinsa. Bayan nan aka raba, kowace daga cikin matansa huɗu ta tashi da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu.

A kwatanta da yadda ake ciniki a Kantin Kwari ko Dawanau. Kaya suna fita bisa amana, lissafi yana cikin kan maigida, in ma akwai littafi to da laƙabi aka rubuta: "Ɗan Maraɗi, 40." Turmi arba'in ne ko dubu arba'in? Shi ake bi ko shi ke bi? Yaron shago ya san wani ɓangare, dillali ya san wani, babu wanda ya san duka. Ranar da maigida ya faɗi, masu bin sa za su zo da wuri, waɗanda yake bi kuwa sai mai tsoron Allah a cikinsu.

Basussukan cikin gida sun fi waɗannan saurin ɓacewa. Ragowar sadakin da ba a cika ba bashi ne. Kuɗin gadon matar da miji ya karɓa ya zuba a kasuwa bashi ne, ko kuma jari, kuma ya kamata a san wanne ne. Ɗakunan da babban ɗa ya gina a filin mahaifinsa da kuɗinsa, shanun da ke hannun makiyayi, buhunan da aka ajiye a sito da sunan wani, duk suna buƙatar layi guda a takarda. Mata ma abin ya shafe su kai tsaye: uwar adashi da ta rasu da zubin mutum ashirin a hannunta ta bar wa 'ya'yanta rigima, haka wadda ta ba ƙawarta ajiyar sarƙar zinari ba da sanin kowa ba.

Sai haƙƙin Allah. A wurin Malikiyya, zakkar da mutum ya yi sakaci da ita a shekarun baya ba a tilasta wa magada fitar da ita idan bai yi wasiyya ko ya kafa shaida a kanta ba, alhali Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin bashi ce da za a cire ko bai faɗa ba. Wanda ke zaune inda ake hukunci da Malikiyya, shirunsa yana iya barin zakkar a wuyansa.

Sulusi: nawa, kuma ga wa

Iyakar ta fito ne daga hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya kwanta ciwo a Makka, yana da dukiya, 'yarsa kuma ɗaya a lokacin. Ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku aka hana shi, ya nemi rabi aka hana, aka tsaya a sulusi, tare da nuna masa cewa sulusin ma da yawa, kuma barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙo. Ƙa'ida ta biyu ita ce ba a yi wa magaji wasiyya. Idan an yi, ko an haura sulusi, sai sauran magada sun amince, kuma ba mai ikon yafe rabon yaro ƙarami a madadinsa.

To wa ake yi wa? A nan ne wasiyya ke toshe gurbin da gado ya bari. Babban misali jikokin da mahaifinsu ya riga kakansu rasuwa. Matuƙar akwai baffansu a raye, ba su da gado a dukiyar kakan, ko da kuwa mahaifinsu ne ya yi wahalar tara ta. Masar ta ga wannan matsala ta kafa doka a 1946 wadda ta wajabta a ba irin waɗannan jikoki rabon mahaifinsu, muddin bai wuce sulusi ba. Kotunanmu ba su bin wannan, don haka abin yana hannun kakan: in ya rubuta sun samu, in ya yi shiru sai abin da baffanni suka ga dama. Haka agola, da ɗan riƙo, da yaron gida da ya tsufa yana hidima, da iyaye ko matar da ba Musulmi ba, waɗanda bambancin addini ya hana su gado amma bai hana a yi musu wasiyya ba. Ana kuma iya mayar da sulusin waƙafi. Jihohi irin su Kano, Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi.

Kyauta tun da rai, da tarkon da ke cikinta

Wanda ke son ya bar wa matarsa ko wata 'yarsa wani abu na musamman, tunda wasiyya ba ta halatta gare su, sai ya koma ga kyauta. Hanyar a buɗe take, amma da sharuɗɗa. Na farko adalci tsakanin 'ya'ya: Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida a kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa shi kaɗai. Na biyu karɓa. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Kyautar da aka yi a cikin ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka.

Tarkon yana ga gidan zama. Magidanci ya ce a gaban mutane ya ba uwargida gidan nan, ya ci gaba da zama a ciki har ya rasu. A mashahurin ra'ayin mazhabar, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, wannan kyauta ba ta cika ba, domin bai fita daga gidan ba. Matar da ta shekara talatin tana ganin gidanta ne sai ta wayi gari tana raba tumuni da kishiyoyi uku, wato kashi ɗaya cikin 32 na dukiyar. Mai irin wannan niyya ya kamata ya zauna da malamin da ya san babin, ya kuma canza sunan da ke kan takardar filin tun yana da lafiya.

Takarda, shaidu da kotu

Rubutu kaɗai bai wadatar ba. Malikiyya sun ce ko an tabbatar rubutun hannun mamaci ne, idan bai kafa shaidu ba kuma bai ce a zartar ba, ba a zartarwa, domin yana iya yiwuwa tunani yake yi bai yanke ba. Takardar da aka tsinta a ƙarƙashin katifa tana iya zama haske ga iyali, amma ba lalle ta tsaya a gaban alƙali ba. Ana son shaidu biyu adilai, waɗanda ba su da amfani a cikin abin da aka rubuta.

Dokar boko ma kusan haka ta nema. Dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda Najeriya ta gada, ta ce a rubuta, mai wasiyya ya sa hannu a gaban shaidu biyu a zama ɗaya, su ma su sa nasu. Shaidan da aka yi wa kyauta a ciki ya rasa kyautar. Bambancin shi ne wannan doka ta bar mutum ya raba dukiyarsa yadda ya so. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta ce Musulmin da ya yi wasiyya a ƙarƙashinta wasiyyarsa ta zauna ko ta saɓa wa Malikiyya. Hukuncin ya ta da ƙura, daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi nasu dokokin da suka ɗaure wasiyyar Musulmi da shari'a. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta dogara da dokar Kwara ta tabbatar da rushe wata wasiyya a shari'ar Ajibaiye. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi kan waƙafi, kyauta, wasiyya da gadon Musulmi. Abin da ya fi aminci shi ne takarda ɗaya da ta cika sharuɗɗan ɓangarorin biyu: ba ta haura sulusi ba, ta ce a raba sauran bisa shari'a, tana da shaidu biyu da kwanan wata.

Hausawan Ghana lamarinsu ya fi tsanani. Dokar gado ta 1985 ta hau kan duk wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, ko mene ne addininsa, don haka Musulmin zangon Kumasi ko Nima da ke son a raba nasa bisa shari'a, kariyarsa a gaban kotu ita ce ya rubuta hakan. A Nijar kotuna suna duba al'adar mamaci a sha'anin gado, ana kuma neman takardar zaman dangi da ke nuna wanda aka wakilta. Kiristocin arewacin Najeriya, waɗanda ba su da ƙayyadajjen kaso irin na Musulmi, su ne wasiyyar boko ta fi yi wa aiki, musamman wajen kare gwauruwa daga dangin miji.

Banki, fansho da waya

Wani ruɗani da ya game gari shi ne gurbin da ake cikewa a fom ɗin banki ko na aiki, na ɗan uwa mafi kusa, wanda jama'a ke kira "magaji". Wannan suna ba ya mallaka wa kowa ko kwabo. Wanda za a tuntuɓa ne kawai. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takarda daga kotu. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ita ma ta ce sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kafin a saki abin da ke asusun ma'aikaci. Dokar ta kuma wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, haƙƙin da iyalai da dama ba su ma san da shi ba balle su nema.

Abin da iyali ba su sani ba kuwa ba sa bin sa. A 2023 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Najeriya ta ce ribar hannun jarin da ba a karɓa ba ta kai kusan naira biliyan 190. A 2024 Babban Banki ya fitar da ƙa'idar cewa asusun da ya shekara goma ba a taɓa shi ba za a mayar da kuɗinsa wani asusun amana, inda magada za su iya nema, in sun san da shi.

Yanzu kuma rabin lissafin mutum yana cikin wayarsa: asusun OPay ko Moniepoint, hotunan takardun fili, saƙonnin murya na WhatsApp da su ne kaɗai shaidar wani bashi. Layin da aka daina amfani da shi kamfani yakan sake sayar da shi bayan wani lokaci. Google ya samar da hanyar naɗa wanda zai karɓi bayanan mutum tun 2013, Facebook a 2015, Apple a 2021. Ba hikima ba ne a rubuta lambobin sirri a cikin wasiyyar da mutane da yawa za su karanta. Ya isa a faɗi sunayen asusun da inda aka adana lambobin.

Jinya: mutum yana raye amma ba ya magana

Akwai wani yanayi da wasiyyar dukiya ba ta kai gare shi ba. Dattijo ya samu shanyewar ɓarin jiki ko ya shiga dogon suma, an sa masa na'urar taimakon numfashi, likita yana jiran amsa. Babban ɗa ya ce a sayar da gida a fita da shi Masar. Uwargida ta ce ya sha faɗa mata ba ya son a wahalar da shi. Baffa ya ce a mayar da shi gida a ci gaba da addu'a. Kowa da kyakkyawar niyya, kuma duk wanda aka bi maganarsa zai zauna da zargi.

Turawa sun fara fuskantar wannan ne da yaɗuwar na'urorin. A Amurka, shari'ar Karen Ann Quinlan ta 1976 ta ba iyayenta damar a cire mata na'ura, a shekarar kuma jihar Kalifoniya ta yi dokar farko da ta amince mutum ya rubuta irin jinyar da yake so tun yana da lafiya. Terri Schiavo ba ta bar rubutu ba. Ta faɗi a 1990, mijinta da iyayenta suka yi ta shari'a kan jinyarta har ta rasu a 2005. Kotun Ƙolin Indiya ta amince da irin wannan takarda a 2018. Ana iya kiranta wasiyyar jinya. Abu biyu take ƙunsa: wanda zai yi magana da likita a madadin mutum, da kuma iyakar abin da yake so a yi masa idan likitoci sun tabbatar babu sauran fata.

Najeriya ba ta da doka ta musamman a kanta, amma akwai madogara. A 2001, a shari'ar likita Okonkwo, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. Maganar ta taso ne daga wata mara lafiya da ta ƙi ƙarin jini a rubuce saboda aƙidarta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ita ma ta ambaci wannan haƙƙi.

Masu ɗari-ɗari suna cewa rai na Allah ne, ba wanda zai sa masa wa'adi. Gaskiya suka faɗa, kuma a nan ake buƙatar rarrabewa. Yi wa mara lafiya allurar da za ta kashe shi haramun ne, laifi ne kuma a dokar Najeriya, ko shi ya nema. Dakatar da na'urar da ba ta da sauran amfani wata mas'ala ce daban. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire na'ura idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu mutuwar da ba dawowa. Majalisar Rabiɗa a Makka ta yarda da cirewar a 1987, sai dai ta ce ba a hukunta mutum da mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Saɓanin yana da tasiri har a gado da takaba, tunda daga lokacin mutuwa ake fara lissafinsu.

Wani zai ce a ƙasar da gadon asibiti ma wuya yake yi, wannan zancen masu hali ne. Akasin haka ya fi kusa da gaskiya. Inda iyali ke biyan kuɗin wankin ƙoda daga aljihunsu, tambayar ko a sayar da gona tilo ko a bar wa marayu ta fi zafi a gidan talaka, kuma mai gonar ne ya fi cancanta ya amsa ta.

Jana'iza

Nan maganar ba ta da tsawo, domin sunna ta riga ta tsara kusan komai. Mutum yana iya faɗin wanda zai wanke shi, wanda zai sallace shi, da inda yake so a binne shi. Umar ɗan Haɗɗabi, yana kan gargara, ya aika neman izinin Nana A'isha a binne shi kusa da abokansa biyu. Alhaji Aminu Ɗantata ya rasu a Abu Dabi a watan Yunin 2025, aka binne shi a Madina kamar yadda ya yi buri. Masu fita jinya waje ya kamata su faɗa tun kafin tafiya ko a dawo da su ko a binne su can. Kuma tunda a ranar ake binnewa, wannan bayani ba a kulle shi a ofishin lauya. Sai dai mutanen gida su san shi da baki.

Inda takardar ke iya zama fitina

Masu adawa suna da hujjar da ba a raina ta. Takarda tana iya zama makami. Dattijon da gigin tsufa ya fara kamawa ana iya lallaɓa shi ya dangwala hannu. Ana ƙirƙiro bashin ƙarya ga wata mata ko wani ɗa don a kewaye ƙa'idar gado, shi ya sa Malikiyya ke tuhumar iƙirarin da mai ciwon ajali ya yi wa magajin da aka san yana fifitawa. Jerin kadarori kuma in ya faɗa hannun da bai dace ba, haɗari ne ga mai shi.

Maganin waɗannan yana cikin yadda aka yi abin. A rubuta da lafiya, ba a gadon asibiti ba. Shaidu su fito daga wajen gida. A raba takardun biyu: wasiyyar da ke ɗauke da umarni, wadda za a iya ajiye kwafinta a wurin wasiyyi, ko limami amintacce, ko rajistar babbar kotu, da kuma littafin bashi da kadarori da ke canzawa kullum, wanda mutum ɗaya ko biyu suka san inda yake. Wasiyyi ya zama wanda ya yarda da aikin tun kafin a rubuta sunansa, mai ƙarancin shekaru fiye da mai wasiyyar in da hali.

Ya kuma dace takardar ta nemi a gaggauta rabo. Gidan da aka bari shekara ashirin "don zumunci" magadansa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, rabon kowannensu yana sake rabuwa tsakanin nasa magadan, har mutum goma su zama sittin, wasu ba su ma san juna ba.

Wasiyya ba ta ɗaure mai ita. Yana da ikon canza ta ko soke ta har ranar da zai cika. Aure, saki, haihuwa, rasuwar wasiyyi, sayen fili ko sayar da shi, kowanne dalili ne na sake duba ta. Idan an yi sabuwa, a rubuta a cikinta cewa ta soke ta baya, a sa kwanan wata, a karɓo tsofaffin kwafin daga hannun waɗanda aka ba a yaga su, don kada ranar rabo ɗaki biyu su fito da takarda biyu.